Inci Uku

Takardar izini ta zo daga Columbus da hatimi.
Ta ce bi nan, karya dama a can,
kada ka tashi kafin gari ya waye,
kada magariba ta riske ka a hanya.
Na ninke ta huɗu na sa a aljihun gaba
kamar laya.

A bayana taransfoma ce, tan sittin,
sarƙa goma sha biyu ke riƙe da ita.
Daga kwalta zuwa ƙoƙon kanta
ƙafa sha huɗu da inci ɗaya.
Ni na auna, da hannuna, cikin sanyin asuba,
Clifford na riƙe mini da tsani yana hamma.

Gadar jirgin ƙasa da ke bayan garin Lima
allonta ya ce sha huɗu da inci uku.
Takarda ma haka ta ce.
Saura inci biyu ke nan tsakanina da ƙarfe,
kaurin littafin da 'yata ke kaiwa makaranta.

Clifford ya yi gaba da sandar gwaji tsaye a motarsa,
ya ce ta rediyo, "Taho, Sallau."
Daga baya ne ya ce wataƙila sandar ta taɓa,
iska ce ta hana shi ji.

Ƙarar ba irin ta tsawa ba ce.
Kamar an ja tukunyar ƙarfe a kan siminti,
sai kujera ta tura ni gaba,
sai shiru.
Tsatsa na zuba kan gilashi kamar garin barkono.

Ashe bara an malala sabuwar kwalta a wurin.
Inci uku.
Ƙasa ta tashi, gada tana inda take,
allo kuwa bai samu labari ba.

Na kira ofishin izini. Darlene ta ɗauka,
muryarta da taushi, ta ce in juya takardar.
A baya, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata:
tabbatar da tsayi yana wuyan direba.
Kamfani ya ce ai ofis ne ya zana hanya.
Masu kwalta suka ce ƙasa aka ba su kwangila,
ba ruwansu da sama.
Masu jirgi suka ce gadarsu ba ta matsa ko'ina ba
tun kafin a haifi ubana.
Laifi tudu ne, kowa ya hau nasa yana nuna na wani,
ni kaɗai ke kwari, ƙarƙashin gada.

Ɗan sanda ya zo da biro.
Bai iya rubuta sunan kwalta ba,
allo ba shi da lasisi.
Ya tambayi yadda ake rubuta nawa, harafi harafi.

Da la'asar muka sace iskar tayoyi,
duk talatin da takwas, ɗaya bayan ɗaya,
motar ta durƙusa kamar raƙumi,
muka ja ta da baya, taku taku.
Wata tsohuwa daga gidan da ke kusurwa
ta miƙo mini kofi mai zafi, ta ce ni ne na huɗu bana.
Na huɗu!
Ita kaɗai ke da lissafin.

Na tuna zauren kakana a Ɗambatta,
ƙofarsa gajera, kowa sai ya sunkuya,
mai rawani da mai tallan goro.
Yakan ce ƙofa ba ta san sarauta ba.
Amma mutum yana da wuyan sunkuyawa,
taransfoma ba ta da shi.

Wata uku suka karɓe mini tuƙi.
An sauya allon, in ji Clifford, ran wata Talata,
ba wanda ya ce komai.

Yanzu ina da sandata, ta kaina, a bayan kujera.
Kowace gada sai na tsaya na sauka,
ko ana ruwa, ko masu ƙananan motoci na danna oda.
Takardar tana nan a aljihu, ina karanta ta,
gaba da baya.
Sannan in ɗaga sanda in tambayi gadar da kanta.